DARASIN TARBIYYA: "KE CE ƘANWAR WANCE?"

  

Darasinmu na wannan fitowa kuskurena ne ya jawo shi, don haka bari in fara da tona wa kaina asiri. Shekarun baya kaɗan, a farkon zango, aka kawo mini sababbin ɗalibai ajin da nake koyar da Tajwidi. Ina cikin kiran suna sai na zo kan wata yarinya 'yar shekara goma sha huɗu, na ga sunan mahaifinta na gane gidan. Yayarta ta yi ajina shekara biyu kafin nan, yarinya ce mai kaifin hadda, ga murya, ita muke turawa musabaƙa. Cikin murna na ce, "Au, ke ce ƙanwar wance? Madalla, mun sake samun gwana. Tashi ki karanta mu ji ko za ki kamo ƙafar yayarki." Ta miƙe muryarta na rawa, ba ta wuce aya uku ba ta sarƙe, 'yan aji suka tuntsire da dariya. Tun daga ranar ta koma layin baya, kusan wata uku ban ƙara jin karatunta ba.

Ran nan bayan an tashi na tsare ta, na ce, "Me ya sa ba kya ƙoƙari ne?" Kanta a ƙasa, tana murza bakin hijabinta, ta ce, "Malama, ko na yi ai ba zan kai Yaya ba. A gida ma an sani." Na ce wa ya gaya miki haka? Ta ce, "Ba wanda ya faɗa, kowa dai ya sani." Ta yi shiru, can ta ƙara da cewa, "Ke ma Malama ba ki taɓa kiran sunana ba. Ƙanwar wance kike ce mini." Wallahi ban sami amsar da zan ba ta ba, domin gaskiya ta faɗa.

Irin wannan yarinya tana nan a gidaje da yawa, akwai ta a maza ma. Yaro ne lafiyayye, mai hankali, amma ya tashi kusa da ɗan'uwan da Allah Ya ba wata baiwa da ido ke saurin gani, ko ƙoƙarin boko, ko hadda, ko kyau, ko iya magana, sai ya zamana duk inda aka juya wancan ake gani, shi kuwa har ya gama yanke wa kansa hukunci cewa ba shi da wani amfani.

DARAJAR KAI DABAN, GIRMAN KAI DABAN

Na san wata uwar za ta ce, "Malama, so kike mu koya wa yara jiji da kai?" A'a. Annabi (SAW) ya bayyana mana girman kai a hadisin da Muslim ya ruwaito da abu biyu, ƙin karɓar gaskiya da raina mutane. Sanin darajar kai kuwa shi ne yaro ya tabbata a ransa cewa shi ma halitta ce da Allah Ya karrama, kamar yadda ya zo a Suratul Isra'i aya ta 70, yana da abin da zai iya, kuma idan ya faɗi zai iya tashi. Mai tawali'u ya san abin da yake da shi, sai ya sauke kai don Allah. Yarinyar da na ba ku labari ita ba ta ma yarda tana da komai ba, kuma kuskure ne babba mu riƙa kiran wannan hali kunya ko ladabi muna yaba shi. Sau da yawa 'yar da muke cewa "ba ruwanta, shiru-shiru ce" ciwo ne ke cin ta.

Abin ya fi tsanani tsakanin shekara goma sha biyu zuwa goma sha tara. A nan ne jiki ke canzawa, yaro ya fara tambayar kansa shi wane ne, me mutane ke cewa a kansa. Lokacin muna kwalejin horar da malamai an karantar da mu ra'ayin wani masani Ba'amurke, Leon Festinger, wanda a 1954 ya bayyana cewa ɗan Adam idan bai da ma'aunin da zai auna kansa, to da mutane yake aunawa, kuma ya fi aunawa da wanda ya yi kama da shi. To wa ya fi kama da yaro irin wanda suka fito ciki ɗaya, suke ci a kwano ɗaya? Gwanar da ke wata unguwa ba ta dame ta ba. Wadda suke kwana a katifa ɗaya ita ce matsalar. Shi ma Alfred Adler, likitan nan ɗan ƙasar Ostiriya da aka haifa a 1870, wanda ya shahara da bincike a kan jin ƙasƙanci, daga gidansu ya fara sanin abin. Yana yaro ya yi fama da ciwon laushin ƙashi, yana zaune yana kallon yayansa na guje-guje.

FUSKAR UBA

Amma tun kafin waɗannan, Alƙur'ani ya riga ya buɗe mana zuciyar ɗan da yake jin an fifita ɗan'uwansa. Ki ɗauko Suratu Yusuf, sura ta 12, ki karanta aya ta 8 da ta 9 a natse tare da tafsiri. 'Yan'uwan Annabi Yusuf (AS) sun zauna suna ƙorafin cewa mahaifinsu ya fi son Yusuf da ɗan'uwansa a kansu, alhali su ne masu yawa da ƙarfi. Sannan suka faɗi dalilin makircin da za su ƙulla: suna so fuskar mahaifinsu ta juyo gare su su kaɗai. Ki lura da kyau, 'yar'uwa. Ba su ambaci dukiya ba, ba su ambaci gado ba. Fuska suke nema.

Ba muna jingina wa Annabi Yaƙub (AS) zalunci ba ne, Allah Ya tsare mu, shi Annabi ne, kuma sura ta nuna Shaiɗan ne ya shiga tsakani. Hasali ma a aya ta 5 shi ne ya gargaɗi Yusuf kada ya ba 'yan'uwansa labarin mafarkinsa, wanda ke nuna ya san abin da ke iya tashi a zukatansu. Darasin da nake so mu ɗauka shi ne, idan har zaton fifiko kawai ya kai 'ya'yan gidan annabci ga jefa ƙaninsu a rijiya, to ina ga gidajenmu da fifikon a fili ake yin sa, har da baki?

Yaronki fuskarki yake karantawa. Ya san yadda take washewa idan yayansa ya yi sallama, ya kuma san yadda take idan shi ya shigo. Ba sai kin furta ba. Abin da ɗalibata ke nufi ke nan da ta ce ba wanda ya faɗa, kowa dai ya sani.

INDA MUKE YIN ƁARNAR

Mafi yawa a bakinmu take. "Dubi yayarki." "Kai me ya sa ba ka zama kamar ƙaninka ba?" "Anya cikina ɗaya kuka fito?" Muna faɗa da niyyar zaburarwa, amma ni dai a shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa ganin yaron da wannan magana ta zaburar ba. Ko dai ya janye gaba ɗaya, don wanda bai shiga tsere ba ba a ce an wuce shi, ko kuma ya ce tunda an riga shi kujerar yaron kirki, to bari ya hau ta fitinanne, ko ba komai a can ma ana kiran sunansa.

Sai laƙabi. A gida ɗaya za ka ji akwai "Likita" akwai "Daƙiƙiya", akwai "Balarabiya" akwai "Baƙa". Allah Ya hana mu izgili da jifan juna da munanan laƙubba a Suratul Hujurat aya ta 11, kuma ban ga inda aka ce ban da 'ya'yan cikinmu ba. Batun launin fata kuwa sai mu yi hattara ƙwarai. Baƙuwa za ta shigo ta dubi 'yan mata biyu ta ce, "Kai, wannan ta kwashe kyan duka, ba ta rage wa 'yar'uwarta ba," a yi dariya a wuce. Uwa ma ta taya dariya. Bayan shekara biyu a tsinci man bilicin a ƙasan akwatin yarinya a hau ta da faɗa. Haka idan masu zance suka fara sallama da ƙanwa alhali ba wanda ya zo wajen yaya, maganganun da 'yan gida ke yaɓawa a lokacin sun fi rashin manemin ciwo.

A gidan da ake da mata fiye da ɗaya kuma abin ya kan ninka, domin a nan takardar sakamakon jarrabawa takan zama makamin kishi. Ɗan ɗakin can ya zo na ɗaya, sai uwa ta huce a kan nata: "Ka ja mini abin kunya a gidan nan." Yaro bai san hawa ba bai san sauka ba, an ɗora masa yaƙin da ba nasa ba, kuma an shuka masa 'yan ubancin da zai iya bin sa har tsufa. Akwai kuma al'adarmu ta alkunya ga ɗan fari. Ba na zagin al'ada, tana da kyawunta, amma yarinyar yanzu da uwarta ba ta kiran sunanta, ba ta yaba mata a gaban kowa, tana kuma kallon yadda ake shagwaɓa auta, ba lallai ta fassara shi da kunya ba. Idan kina yin alkunya, ki nemi wata ƙofa da za ta gane tana ranki.

Kada a ɗauka abin da ke zuciyar iyaye a nan yake tsayawa. A 2015 wasu masu bincike biyu a Amurka, Alexander Jensen da Susan McHale, suka wallafa nazarin da suka yi a kan matasa 'yan gida ɗaya. Sun gano iyaye sun fi karkata ga ganin babban ya fi ƙoƙari, ko da sakamakonsu bai nuna haka ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, ɗan da iyaye suka ɗauka shi ne gwani, a shekara mai zuwa sakamakonsa yakan ɗara na ɗan'uwansa. Wato zaton ne ke riga, bambancin ya biyo baya.

HUKUNCIN SHARI'A A KAN FIFIKO

Bukhari da Muslim sun ruwaito ƙissar Nu'umanu ɗan Bashir (RA). Mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, sai mahaifiyarsa Amratu 'yar Rawaha ta ce ba za ta yarda ba sai Manzon Allah (SAW) ya shaida. Da suka je, Annabi ya tambayi Bashir ko ya yi wa sauran 'ya'yansa irinta. Ya ce a'a. Annabi ya ƙi shaida, ya umarce shi da tsoron Allah da adalci tsakanin 'ya'yansa, Bashir ya koma ya janye kyautar. A wata ruwayar Annabi ya tunatar da shi cewa ai shi ma zai so su zama daidai wajen yi masa biyayya.

Malamai sun saɓa a kan ƙarfin hukuncin. Imamu Ahmad yana ganin daidaitawa a kyauta wajibi ce, mafi yawan malamai kuma suna ganin mustahabbi ce, fifitawa makaruhi. An kuma yi rangwame idan da dalili, kamar ɗan da ba shi da lafiya ko wanda karatunsa ke buƙatar kuɗi. An ruwaito daga Ibrahim An-Nakha'i cewa magabata suna son daidaita 'ya'yansu har a sumba. Son da ke cikin zuciya kam ba a hannunki yake ba, kuma babu uwar da za ta rantse ba ta da na gaban goshi. Abin da ke hannunki shi ne rabon nama, kayan sallah, wanda ake tafiya da shi unguwa, da wanda ake saurara idan yana magana.

Adalci kuma ba ya nufin komai iri ɗaya. Idan kin saya wa mai rubuta WAEC littattafai ba ki saya wa ɗan aji biyu ba, ba ki yi laifi ba, amma ki buɗe baki ki gaya wa ƙaramin dalili, ki ce idan lokacinsa ya zo shi ma haka za a yi masa. Yara suna jure bambancin da suka fahimci dalilinsa. Wanda aka bar su su fassara da kansu shi ne ke zama miki.

TO YAYA ZA A GINA SHI?

Ki fara da abin da na kasa, wato suna. Ki kira shi da sunansa, ki gabatar da shi ga baƙi da sunansa da wani abu nasa. Malamai 'yan'uwana, mu daina tambayar sabon ɗalibi ko zai kai yayansa. Sannan ki samar masa lokacin da ku biyu ne kawai. Ba sai an fita ko'ina ba. Lokacin tsintar shinkafa ya isa, ko kina yi mata kitso, ko ki ce shi zai raka ki dubiya. A wannan lokacin kada sunan ɗan'uwan ya fito daga bakinki ko sau ɗaya. Za ki sha mamakin yadda hakan ke da wuya.

Abu na gaba shi ne wanda na fi ba muhimmanci. Daɗin baki kaɗai ba ya gina matashi. Idan yarinya ta zo ta ashirin a aji kika ce mata "ke ma gwana ce," ta san lallashi ne, kuma zai ƙara tabbatar mata cewa abin tausayi ce. Abin da ke gina ta shi ne ta iya wani abu da gaske, kuma gida ya dogara da ita a kansa. Ki zura ido ki gano inda hannunta ya faɗa. Wata ɗinki ne, wata lalle, wata lissafin cefane ba a cutarta ko naira ɗaya, wata ita kaɗai ke iya shawo kan kaka idan ta yi fushi, wani kuma duk abin da ya lalace a gida shi ke gyarawa. Idan kin gano, ki damƙa amanar gaba ɗaya. Ki ce kuɗin cefanen mako a hannunki yake, kuma kada ki bi bayanta kina gyarawa a gaban mutane. Idan da hali a kai ta ta koyi abin sosai, ya zama fagen da ba wanda zai ce ai yayarta ta riga ta.

Tarihinmu cike yake da misalai. Nana A'isha da Nana Asma'u, 'ya'yan Sayyidina Abubakar (RA), 'yan uba ne, A'isha 'yar Ummu Rumana, Asma'u 'yar Ƙutaila. A'isha matar Annabi ce, malamar sahabbai, an ruwaito hadisai 2,210 daga gare ta. Na Asma'u ba su kai ɗari ba. Amma a lokacin hijira, shekara ta 622, Asma'u ce ta raba ɗamararta biyu ta ɗaure guzurin Annabi da mahaifinta, har ta sami laƙabin ma'abuciyar ɗamara biyu. Ita Abu Jahal ya mara don ta faɗi inda suke, ba ta faɗa ba. Ita ce ta tara duwatsu ta rufe da ƙyalle ta ɗora hannun kakanta makaho a kai don hankalinsa ya kwanta cewa an bar musu dukiya. Da an tilasta wa Asma'u sai ta zama A'isha, wa zai yi wannan aikin? Haka Annabi Musa (AS), wanda Allah Ya yi magana da shi, da bakinsa ya faɗa cewa ɗan'uwansa Haruna ya fi shi fasahar harshe, ya roƙi a haɗa su aiki, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas aya ta 34. Fifikon ɗan'uwansa bai rage shi da komai ba, ƙarfi ma ya ƙara masa. Ki ba 'ya'yanki waɗannan ƙissoshi da dare, ba sai kin ce da wane kike ba.

Game da yabo, akwai gyara. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun gwada yara 'yan firamare a Amurka. Wasu aka yaba musu da cewa suna da ƙwaƙwalwa, wasu aka yaba musu da cewa sun yi ƙoƙari. Da aka kawo aiki mai wuya, waɗanda aka yaba wa ƙwaƙwalwa suka fi saurin karaya, suka fi zaɓar mai sauƙi, wasunsu har da ƙarya a kan makin da suka ci. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari suka fi dagewa. Don haka ki auna yaro da jiyansa. "Wancan zangon 40 ka ci a lissafi, yanzu 55, na ga yadda kake zama bayan isha'i." Wannan magana gaskiya ce, kuma tana nuna masa abin da ke hannunsa.

Wannan gyaran har gwanin gidan zai amfana, domin shi ma fa yana cikin wahala. An ɗora shi a sama yana tsoron ranar da zai faɗo, 'yan'uwansa kuma suna jin haushinsa a kan laifin da ba shi ya yi ba. Kada ki rage masa yabo don ki faranta wa ɗayan, zalunci ne shi ma. Ki dai ja shi gefe ki koya masa ya daina gori, ya riƙa neman taimakon ƙaninsa a abin da ƙanin ya fi shi.

Idan kuma yarinya ta buɗe baki ta ce miki, "Umma, kin fi son Yaya," don Allah kada ki ce "rufe mini baki, hassada ce ke damunki." Da zarar kin kira shi hassada kin rufe ƙofar, kin kuma ƙara mata nauyin jin ita mai zunubi ce. Ki ce, "Zo ki zauna, me kika gani?" Ki saurara har ta gama, ko da rabin abin da ta faɗa ba haka yake ba. Inda take da gaskiya ki amsa, neman afuwar ɗa ba ya zubar da girman uwa. Bayan zuciya ta sauka ne za ki koya mata bambancin burin samun irin alherin wani, wanda ya halatta, da burin alherin ya gushe daga gare shi, ki kuma kai ta Suratun Nisa'i aya ta 32, inda aka hana mu kwaɗayin abin da aka fifita wasu da shi, aka buɗe mana ƙofar roƙon Allah falalarSa. Ki sa ta riƙa yi wa 'yar'uwarta addu'a da suna, ke ma ki riƙa yi musu a gabansu, kowa da sunansa da buƙatarsa.

Akwai matakin da ya wuce nasiha. Idan kika ga yaro ya ɗauki makonni ba ya cin abinci sosai, barci ya gagara ko ya yi yawa, ya daina abin da da yake so, yana yawan kuka a ɓoye, ko ya fara cewa gara ma ya mutu kowa ya huta, to kada a tsaya ga cewa aljanu ne ko iskanci. A yi addu'a, a kuma kai shi ga likita, domin ciwon damuwa ciwo ne mai magani, kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, ban da sassan da ke manyan asibitocin koyarwa. A sa ido kuma a kan ƙawaye da kwalabe. Ba mu manta yadda shan maganin tari mai kodin ya yaɗu har cikin 'yan mata da matan aure ba, wanda ya kai gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a 2018. Yarinyar da ba ta da daraja a gida, duk wanda ya fara ce mata tana da ita zai iya jan ta, ko saurayin banza ne ko muguwar ƙawa.

Ita kuwa ɗalibata, washegari na kira ta da sunanta a gaban aji, na ba ta haƙuri. Da na duba littafinta sai na ga rubutun Larabcinta ya fi na kowa kyau a ajin, har da nawa, abin da wata uku ban lura da shi ba. Na damƙa mata alli, ita ke rubuta ayoyin darasi a allo kafin in shigo. Na kuma je gidansu na zauna da mahaifiyarta, wadda ta ce ita wallahi ba ta taɓa sanin abin na damun yarinyar ba. Ba ta zama gwanar musabaƙa ba, har ta sauke muryarta ba ta daina rawa ba idan mutane sun yi yawa. Amma ta dawo layi na biyu, kuma ranar walimar saukarsu ita ta rubuta allunan 'yan ajinsu su goma sha ɗaya.